Majalisar Matasa Tana da Amfani, Muddin Manya Za Su Riƙa Ba Ta Amsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da nake ganin ba a ba shi kulawar da ta dace, wato majalisun matasa da ƙasashe daban-daban suke kafawa domin jawo samari da 'yan mata cikin harkar mulki. Duk lokacin da aka ambaci irin waɗannan majalisu, mutane sukan rabu gida biyu. Wasu sukan taɓe baki su ce wasan yara ne, an tara 'ya'yan wane da wane sun sha manyan kaya suna kwaikwayon iyayensu. Wasu kuma sukan zuzuta su fiye da kima, kamar da zarar an rantsar da kakakin matasa shi ke nan an gama da matsalar nisan da ke tsakanin matasa da siyasa. A nawa ganin, majalisar matasa tana da amfani ƙwarai, amma amfanin ya rataya ne a kan yadda wakilanta suka samu kujerunsu, da kuma abin da ke faruwa da ƙudurorinta bayan an tashi daga zama kowa ya kama gabansa.

Ya kamata a fara sanin girman giɓin da ake ƙoƙarin cikewa. Kusan rabin mutanen duniya ba su kai shekara 30 ba, amma rahoton da Ƙungiyar Majalisun Dokoki ta Duniya, IPU, ta fitar a 2023 ya nuna cewa 'yan majalisar da shekarunsu ba su wuce 30 ba kashi 2.8 ne kacal cikin ɗari na dukkan 'yan majalisun duniya. A rahotonta na 2021 adadin kashi 2.6 ne, ka ga ke nan tafiyar hawainiya ake yi. A Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, hukumar zaɓe ta INEC ta yi wa mutum sama da miliyan 93 rajista kafin zaɓen 2023, kuma 'yan shekara 18 zuwa 34 sun kai miliyan 37, kusan kashi 40 cikin ɗari, amma waɗanda suka fita suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, babba da yaro, ba su wuce kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ba. Dokokin da ake yi yau a kan bashin da ƙasa ke ci, da haraji, da tsarin makarantu, da sharuɗɗan ɗaukar aiki, waɗanda za su fi daɗewa ɗauke da nauyinsu su ne waɗanda ba sa cikin zauren a lokacin da ake zartar da su.

Sau da yawa akan fassara wannan da cewa matasa ba su damu da siyasa ba. Abin da ya faru a Kenya a watan Yunin 2024 ya isa ya rushe wannan zargi. Matasan ƙasar ne suka ɗauki ƙudirin dokar haraji na gwamnati suka bi shi sashe-sashe, suka riƙa bayyana wa juna abin da ya ƙunsa a kafafen sada zumunta, har da fassara shi zuwa harsunan gida domin wanda bai iya Turanci ba ya gane abin da ke jiransa. A ranar 25 ga watan masu zanga-zanga suka kutsa cikin harabar majalisar dokoki a Nairobi, aka rasa rayuka, washegari kuma Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa wa ƙudirin hannu ba. Wanda ya zauna ya karanta dokar haraji bai cancanci a kira shi marar kishi ba. Abin da ya rasa shi ne ƙofar da zai bi ya shiga da ƙorafinsa a saurare shi tun ƙudirin yana hannun kwamiti, kafin abin ya kai ga barkonon tsohuwa da harsashi. Majalisar matasa, idan an gina ta da gaskiya, tana ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙofofi.

Amfaninta na farko, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne tana koyar da ainihin aikin majalisa, wanda yawancinsa ba ya da daɗin kallo. Matashin da ya zauna a cikinta zai san cewa ƙudirin doka yakan yi karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa shi ga kwamiti, a kira masu ruwa da tsaki a ji ra'ayinsu, a dawo da shi a bi shi layi-layi kafin karatu na uku. Zai san bambancin da ke tsakanin ƙudurin da ke kira ga gwamnati ta yi wani abu da dokar da ke tilasta mata. Zai buɗe kundin kasafin kuɗi ya gano cewa abin da aka ware daban, abin da aka saki daban, abin da aka kashe a kan aikin kuma daban, kuma a tsakanin waɗannan ukun ne mafi yawan ɓarna take ɓuya. Zai koyi tattara hujjarsa cikin 'yan mintocin da kakaki ya ba shi, ya zauna ya saurari wanda yake ganin ba shi da gaskiya har ya kai aya ba tare da ya katse shi ba. Abin da ya fi waɗannan duka, zai sha kaye. Zai kawo ƙudurin da ya kwana yana shiryawa, a kaɗa ƙuri'a a kayar da shi, ya dawo zama na gaba ya gaisa da waɗanda suka kayar da shi, ya nemi goyon bayansu a kan wani abu dabam. Ɗan siyasar da bai koyi shan kaye tun yana ƙarami ba, a kan abin da faɗuwarsa ba ta hallaka kowa, shi ne wanda idan ya girma ya faɗi zaɓe yake neman a ƙona gari.

A kwatanta wannan da hanyar da aka fi buɗe wa matashi idan yana sha'awar siyasa a ƙasashe masu yawa. Akan ba shi riga da hula masu hoton ɗan takara ya cika fili ranar gangami, ko ya zama ɗan banga, ko kuma, a wannan zamani, a saya masa waya ya zama sojan baka yana zagin abokan hamayyar ubangidansa a Facebook. Duk waɗannan hanyoyi darasi ɗaya suke koyarwa, cewa siyasa biyayya ce ga mutum guda da jiran abin da zai yaga maka. Matashin da ya shekara goma a wannan makaranta, ko da Allah ya ba shi kujera, abin da ya iya shi zai yi. Shi ya sa nake mamakin masu cewa majalisar matasa ɓata lokaci ce, domin ba su taɓa faɗa mana inda suke so matashi ya koyi aikin ba idan ba a nan ba.

Akwai kuma batun sabo. Masu nazarin zaɓe sun daɗe da lura cewa fita kaɗa ƙuri'a ɗabi'a ce da ake kamawa tun farko, wanda ya fita a zaɓensa na farko ya fi yiwuwa ya ci gaba da fita, wanda kuma ya ƙi fita sau biyu ko uku a jere yakan saba da zaman gida. Yankin Sikotland na Birtaniya ya ba da misali mai kyau a nan. An kafa majalisar matasan yankin a ranar 30 ga Yunin 1999, kwana guda kafin bikin buɗe majalisar dokokin yankin kanta, kuma wakilanta 'yan shekara 14 zuwa 25 ne waɗanda takwarorinsu suke zaɓa. Tana cikin waɗanda suka daɗe suna fafutukar a bai wa 'yan shekara 16 damar yin zaɓe. Da aka ba su wannan dama a ƙuri'ar raba gardama ta 2014 kan ɓallewa daga Birtaniya, binciken hukumar zaɓen ƙasar ya ƙiyasta cewa kashi 75 cikin ɗari na 'yan shekara 16 da 17 sun kaɗa ƙuri'a, alhali a cikin 'yan shekara 18 zuwa 24 kashi 54 ne suka fita. A 2015 majalisar dokokin yankin ta mayar da shekara 16 ta zama doka a zaɓukanta. Ba ina cewa kowace ƙasa ta rage shekarun zaɓe ba ne, wannan muhawara ce ta daban. Abin lura shi ne buƙatar ta fito daga bakin matasa da kansu, ta hanyar majalisar da suka zaɓa, kuma ta ƙare a cikin kundin doka.

Majalisar matasan Birtaniya baki ɗaya, wadda ke ɗaukar 'yan shekara 11 zuwa 18, ta kafa nata tarihin a ranar 30 ga Oktoban 2009, lokacin da wakilanta suka zauna a kan korayen kujerun zauren majalisar wakilan ƙasar, kakakin majalisar na lokacin, John Bercow, yana jagorantar zaman. Kafin wannan rana ba a taɓa barin wasu da ba 'yan majalisa ba su yi muhawara a wannan zaure. Amma abin da ya fi burge ni ba zaman zauren ba ne, yadda suke zaɓen abin da za su tattauna ne. Sukan fitar da jerin batutuwa su kai makarantu da cibiyoyin matasa a kaɗa ƙuri'a a kai, kuma a 2018 matasa sama da miliyan ɗaya suka shiga wannan ƙuri'a, inda matsalar kai hari da wuƙa ta zo kan gaba. Wakilin da ya miƙe yana magana da ƙuri'ar mutum miliyan ɗaya a bayansa, minista ba zai iya shafa kansa ya ce yaro ya yi ƙoƙari ya wuce ba.

Wanda kuma yake shakkar ko maganar yara za ta iya zama doka, ya dubi Faransa. A 1994 shugaban majalisar dokokin ƙasar, Philippe Séguin, ya ƙirƙiro majalisar yara, inda 'yan ajin ƙarshe na firamare suke rubuta ƙudirin doka tare da malamansu, a tace a fitar da wanda ya fi. Ɗaya daga cikin ƙudurorin yaran ya nemi cewa idan hukuma ta ɗauke yara daga hannun iyayensu saboda wata matsala, kada a raba 'yan uwa a kai wannan nan wancan can. Wani ɗan majalisa ya ɗauki ƙudirin ya gabatar, ya kuwa zama doka a ranar 30 ga Disamban 1996. Wasu uku suka biyo baya kafin ƙarshen shekarar 2000, ciki har da wadda ta shafi rawar da makaranta za ta taka wajen gano yaran da ake cin zarafinsu. Manyan masana shari'a sun cika wannan majalisa shekaru aru-aru, amma sai da yara 'yan shekara goma suka nuna musu wannan rami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba wajen kafawa. A 2008 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya ƙaddamar da Majalisar Matasan Nijeriya mai wakilai 109, daidai da adadin kujerun Majalisar Dattawa, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatar matasa ta tarayya. Kakakinta na farko, Onofiok Luke, daga baya ya zama kakakin majalisar dokokin Jihar Akwa Ibom, sannan ya tafi Majalisar Wakilai a 2019. Masu kare majalisun matasa suna son kawo irin wannan misali, kuma yana da nauyinsa, sai dai ni ba na son a mayar da shi ma'auni. Idan aikin majalisar matasa shi ne ta zama tsani ga mutum biyu ko uku a kowane zango, to ta yi tsada da yawa. Ma'aunin da ya fi shi ne matasa nawa ne suka san sunan wakilinsu, nawa ne suka taɓa kai masa ƙorafi, kuma wane abu guda ne ya canza a ƙasa saboda majalisar ta zauna.

A nan ne nake rabuwa da masu yabon da ba shi da iyaka, domin akwai majalisun matasa na jeka-na-yi-ka, kuma suna da yawa. Na taɓa zama cikin 'yan kallo a wani zama na irin wannan majalisa, ba sai na faɗi inda aka yi ba. An shigo da sandar majalisa cikin ƙasaita, kowa ya miƙe, kakaki ya shigo da alkyabbarsa. Duk wanda aka bai wa dama ya yi magana sai ya cinye rabin lokacinsa yana jero gaisuwa, mai girma kakaki, mai girma mataimakin kakaki, mai girma shugaban masu rinjaye, mai girma mai tsawatarwa, har zuwa kan babban baƙo. Can wajen ƙarshe wata yarinya ta miƙe da wata 'yar takarda da ta ninke a hannu. Ta zagaya makarantun yankinsu da ƙafarta, ta rubuta waɗanda ba su da banɗakin 'yan mata, ta kuma nemo layin da aka ware kuɗin gyaransu a kasafin shekarar da ta gabata. Muryarta tana rawa, amma ita kaɗai ce a zauren ta zo da abin da za a iya bincika a tabbatar. Kafin ta kai rabin takardar aka buga guduma lokaci ya ƙare. Babban baƙon da ya kamata ya ji ta kuwa tun bayan ɗaukar hoto ya fice, ya bar wani ma'aikaci a kujerarsa yana danna waya. Aka ce masu goyon baya su ce e, aka ce e, aka tafa. Da na tambayi ɗaya daga cikin masu shirya taron inda ƙudurin zai nufa daga nan, sai ya ce za a haɗa rahoto.

Irin wannan zama ya fi rashinsa illa, domin yana koya wa matasa cewa mulki shi ne riga da sanda da laƙabi, yana kuma koya wa irin waccan yarinya cewa wahalar da ta sha ta tattara hujja ba ta da lada. Idan ta fita daga zauren ta yanke ƙauna, an yi hasarar wadda ta fi kowa cancanta, an bar waɗanda suka zo don a riƙa kiransu Honorabul.

Gyaran farko shi ne zaɓe. Wakilin da gwamna ko minista ko shugaban jam'iyya ya miƙa sunansa ya san wanda ya kawo shi, kuma ba zai taɓa miƙewa ya yi wa wannan mutum tambayar da za ta sa shi gumi ba. Wakilin da takwarorinsa suka zaɓa kuwa ya riga ya zagaya ya nemi ƙuri'a, ya yi alkawari, ya san akwai masu jiransa da tambaya idan ya koma. Shi kansa zaɓen makaranta ne ga dubban da ba za su taɓa shiga zauren ba, domin a nan ne za su fara riƙe takardar ƙuri'a, su tsaya a ƙirga a gabansu, su ga wanda suke so ya ci ko ya faɗi. Sai dai zaɓen da aka taƙaita shi ga manyan makarantu zai sake haifar da matsalar da ake gudu. Matashin da ke koyon sana'a, da manomi, da makiyayi, da mai lalura ta musamman, da budurwar da aka cire daga makaranta, su ne suka fi jin zafin mummunar doka, kuma su ne ba a cika gani a irin waɗannan kujeru ba. Yankin Wales na Birtaniya ya yi dabara a kan haka lokacin da ya kafa tasa majalisar matasan a 2018, inda daga cikin kujeru 60 aka bar 40 ga zaɓen mazaɓu, aka ware 20 ga ƙungiyoyin da ke aiki da matasan da ba kasafai ake jin muryarsu ba. Haka nan batun harshe. Muddin sharaɗin shiga shi ne iya zuba Turanci ko Faransanci, to gasar muhawara ta 'yan makaranta aka shirya. A bar kowa ya yi magana da harshen da yake tunani da shi, a samar da tafinta, kamar yadda ake yi wa manya a tarukan duniya ba tare da kowa ya ga gazawarsu ba.

Gyara na biyu, wanda a wurina ya fi kowane nauyi, shi ne a ɗora wa manya wajibcin ba da amsa. Babu mai hankalin da zai ce a bai wa majalisar matasa ikon yin doka, domin wannan iko na waɗanda dukkan 'yan ƙasa suka zaɓa ne. Amma tsakanin ikon yin doka da zama abin ado akwai fili mai faɗi. Ana iya rubutawa a cikin dokokin zaman majalisar ƙasa ko ta jiha cewa duk ƙudurin da majalisar matasa ta zartar, akawu zai miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, kwamitin ya gayyaci wanda ya kawo shi ya kare shi, ma'aikatar da ke da alhaki kuma ta ba da amsa a rubuce cikin wa'adin da aka ƙayyade, a wallafa amsar kowa ya gani. Gwamnati tana da 'yancin ta ce a'a, amma ta faɗi dalili. A Sikotland, tun daga 2017 majalisar ministocin yankin takan zauna sau ɗaya a shekara da wakilan yara da matasa, a fitar da jerin abubuwan da aka amince za a yi, daga baya a ba da bayanin inda aka kwana. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, abin da yake ci shi ne girman kan jami'in da bai saba yaro ya tambaye shi ba. Ƙasashen Afirka ma ba su da uzuri, domin Yarjejeniyar Matasan Afirka da shugabanni suka amince da ita a Banjul, babban birnin Gambiya, a 2006 ta ɗora musu, a sashe na 11, alhakin tabbatar da shigar matasa cikin majalisa da sauran wuraren yanke shawara.

Sai batun kuɗi da wa'adi, wanda zan taƙaita. Majalisar da ba ta iya zama sai minista ya ga dama ya saki kuɗin mota da masauki ba za ta iya sukar wannan minista ba, wadda kuma ta dogara da masu ba da tallafi takan mutu ranar da tallafin ya yanke. Ko a Birtaniya, ƙungiyar da ta daɗe tana tafiyar da majalisar matasan ƙasar ta rufe a watan Maris na 2024 saboda matsalar kuɗi, sai da aka nemo wata ta karɓi aikin. Abin da ya fi dacewa shi ne a kafa majalisar da doka, a sa ɗan kasafinta a ƙarƙashin majalisar dokoki, a hana shi zama abin wawaso ta hanyar taƙaita shi ga kuɗin zama da bincike. A kuma tsaurara iyakar shekaru da wa'adi, domin duk mun san shugabannin matasan da furfura ta cika musu gemu, 'ya'yansu suna jami'a, amma har gobe su ne matasa.

Akwai wata suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Wasu suna cewa majalisar matasa dabara ce ta masu mulki, a ba yara ɗakin da za su yi ta surutu su huce, manya su ci gaba da abin da suke yi, kuma abin da ya kamata shi ne a bai wa matasa kujeru a majalisar gaske. Ƙasashe sun gwada wannan. Yuganda ta ware wa matasa kujeru biyar a majalisarta, Ruwanda biyu, Kenya kuma tana da sanatoci biyu, namiji da mace, masu wakiltar matasa. Maroko ta ware kujeru 30 a 2011, ta soke tsarin a 2021. A Nijeriya, gyaran tsarin mulkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 31 ga Mayun 2018 ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Duk waɗannan matakai ne masu kyau, amma rage shekaru bai rage tsadar takara ba, bai kuma kwance zaɓen fid da gwani daga hannun iyayen gida ba, kujerar da aka ware kuma ana iya cike ta da ɗan amshin shata mai ƙananan shekaru. Ƙuruciya ita kaɗai ba cancanta ba ce. Saboda haka ni ban ga karo tsakanin hanyoyin biyu ba, ɗaya tana buɗe ƙofa, ɗayar tana shirya wanda zai shiga.

Game da tsoron cewa dandalin muhawara yakan kashe kaifin matasa, tarihi ya nuna akasin haka. A farkon shekarun 1940 an kafa wani dandalin tattaunawa a Bauchi da yardar hukumomin mulkin mallaka, inda matasan malamai irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suke haɗuwa suna muhawara. Da tambayoyin suka fara taɓa tsarin En'e, wato hukumomin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, da yadda ake mulkin talakawa, sai aka rufe dandalin. Amma aikin gama ya riga ya gama. A 1950 Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar dokokin Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar NEPU wadda Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Duk wanda ya tara matasa masu tunani a ɗaki ɗaya ya ce su yi magana a kan mulki, ba shi da tabbacin inda maganar za ta tsaya, ko da ya kafa ɗakin ne don ya lallashe su.

Su ma matasan da suka samu waɗannan kujeru akwai magana a kansu. Kujerar ba ta buga kati mai hoto da tambari ba ce, ba kuma ta bin ofisoshi ana kai wa manya lambar yabo ana jiran ambulan ba ce, al'adar da ta zubar da mutuncin ƙungiyoyin matasa masu yawa. Wakilin da ya ɗauki matsala ɗaya tak a mazaɓarsa, ya san ta ciki da waje, ya bi ta daga zaure zuwa kwamiti zuwa teburin babban sakatare har wa'adinsa ya ƙare, ya fi wanda ya gabatar da ƙuduri ashirin a kan zaman lafiyar duniya.

A ƙarshe, ya Edita, ina da roƙo gare ku 'yan jarida, domin da hannunku a cikin wannan lamari. Abin da aka saba gani shi ne hoton ranar rantsarwa da jawabin babban baƙo, daga nan sai a ji shiru har zango ya ƙare. Ina roƙon wannan jarida ta riƙa tura wakilinta zaman majalisun matasa kamar yadda take turawa majalisun manya, ta buga ƙudurorin da aka zartar da ranar da aka zartar da su da ma'aikatar da aka aika wa, sannan bayan wata uku wakilin ya koma ma'aikatar ya tambayi inda takardar ta kwana. Idan an ba da amsa ku buga mana ita, idan kuma an ƙi, ku buga mana cewa an ƙi, tare da sunan ofishin da ya ƙi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum.